Hayaƙin da Harak Ya Gani

Harak Singh bai taɓa kashe gobarar daji ba, ko mai faɗin tabarma. Amma duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Bajkhola na yankin Kumaon da ɗanyen reshe a hannu yana dukan wuta, ya ci gurasar Harak, ya sha shayinsa, ya kuma zage shi a kan gishiri. Shi ne kukun sansanin 'yan kashe gobara, wanda ma'aikatar daji ke buɗewa kowace shekara idan sanyi ya wuce, ta rufe ranar da ruwan damina ya sauka.

Ba kuku ya so ya zama ba. Soja ya so, kamar kowane yaro a ƙauyenmu. Ya je wurin ɗaukar soja har masu awon suka san shi da suna. Kullum sai su zagaya ƙirjinsa da igiyar awo, shi kuma ya cika huhu da iska har idanunsa su firfito, su ce ya koma gida ya ƙara cin abinci. Da shekarunsa suka wuce, ya bi motar Delhi, ya kama wanke-wanke a wani gidan abinci na bakin titi. A can ya koyi girki, ta hanyar leƙe da shan ranƙwashi. Mutuwar mahaifinsa ce ta dawo da shi, da akwatin kwano ɗaya da wani tari da bai sake shi ba har yau. An nema masa aure, ba a samu ba. 'Yan matan yanzu, da sun ji an ce gidan miji a kan dutse yake, kuma akwai yankan ciyawa, sai ciwon kai ya kama su. Ya zauna shi da mahaifiyarsa, Bachuli Devi, da ɓaunarta ta tatsa.

In gaskiya za a bi, ɓaunar ya kamata a fara ambata, don ita ce babba a gidan. Bhuri sunanta. Sai ta ci Harak ke ci. Tsohuwar ba ta kai kafaɗar ɗanta ba, bayanta ya lanƙwashe kamar laujen da take yawo da shi, amma takan ɗauko damin ciyawar da in ta taho daga nesa sai ka ce bukka ce ta yi ƙafafu.

Ciyawar kuwa ita ce matsalar. Duwatsunmu wani dogon itace da ake kira chir ya cinye su. Da zafi ya kama, sai ya zubar da ganyensa, sirara kamar tsinken tsintsiya, su rufe ƙasa ruf, ga santsi kamar an zuba mai, ko ƙwayar ciyawa ba ta iya ɓullowa ta ƙarƙashinsu. Tun kaka da kakanni maganin guda ne. Mace ta share gefen gangarenta da tsintsiya, ta ƙyasta ashana da safe kafin iska ta tashi, ta tsaya har wutar ta cinye ta mutu. Da ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fito shar. Doka ta hana, har da ɗauri. An rubuta a wani allo a bakin hanya, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsa. Kowa na yi, amma ba wanda ya taɓa ganin mai yi.

Sansanin wani tsohon gidan ma'aikata ne a kwanar hanya, ƙasa da ƙauyen: ɗakuna biyu, da sito na kayan aiki, da rumfar kwano inda murhun Harak yake. Aikinsa ba girki kaɗai ba ne. Shi ke cika jarkoki. Shi ke naɗe gurasa da dankali a tsohuwar jarida ya miƙa wa kowa kafin su hau. Shi ke tsaron wayoyinsu a wurin caji, don kada wani ya zare ta wani ya soka tasa a yi dambe. In sun sauko baƙi ƙirin, idanu jajur, suna tofar da baƙin yawu, shi ke yanka ɗanyen dankali ya manna musu a ƙuna. Kuma da yake shi kaɗai ne ba ya motsawa daga sansanin, Pande Sahab, wato maigida Pande, jami'in da ke kula da dajin, ya rataye oba-oba a ƙusa kusa da murhu, ya ce masa, "Duk hayaƙin da ka gani, ka kira ni. Ko na taba ne."

A cikin masu dukan wuta akwai Kundan, ɗan maƙwabtansu, wanda ya girma yana shan madara a gidan Bachuli. Bakin Kundan ba ya rufuwa. Shi ya laƙaba wa Harak suna Manjo, saboda sojan da bai samu ba.

"Manjo Sahab!" Sai ya ƙame ya sara masa, da manjagara a kafaɗa kamar bindiga. "Yau wa ya kawo mana hari? Dankali kuma?"

"Ka ci ka rufe mini baki, ɗan banza."

"Jiya dankali, shekaranjiya dankali. Matata Hema ta ce in na yi gumi warin dankali nake yi. Ta ce in ta haihu yaron ya fito da ɓawo, kai za ta kai ƙara."

"In ka sake magana ba ƙari."

"Haba Daju, da wasa nake. Duk faɗin Kumaon wa ya kai ka iya dankali?"

Daju shi ne yaya a bakinmu, kuma Kundan ba ya tunawa da kalmar sai yana son ƙari.

A shekarar da abin ya faru, sanyi ya zo ya wuce ba dusar ƙanƙara, ba yayyafi. Ƙoramu suka ƙafe tun kafin lokacinsu. Ran nan da sassafe Pande Sahab ya kwashe duk mutanensa zuwa wata gobara a hayin kogi. Da hantsi Harak na cikin kwaɓa fulawa, ya ɗaga kai don ya share gumi, sai ya ga hayaƙi. Siriri ne, fari, yana tashi a natse daga saman ƙauye, daidai gefen wani babban falalen dutse. Ba sai an gaya masa gangaren waye ba. A nan ya koyi riƙe lauje.

Ya dubi oba-oba, ya dubi hayaƙin. Ya ce a ransa, Ija ta san aikinta. Haka muke kiran uwa. Tun tana amarya take wannan ƙunar, ko gashin akuya bai taɓa babbakewa ba. Kafin rana ta take wutar ta mutu. In kuwa ya kira, za a zo a tarar da ita tsaye, tsintsiya a hannu, ashana a ƙugu. Ya mai da hannunsa cikin fulawa.

Can oba-oba ta yi ƙara. "Harak, yaya can wajenku?"

"Lafiya lau, Sahab."

"Ba komai?"

"Ba komai, Sahab. Sai zafi."

Hayaƙin kuwa ya yi ta raguwa har ya ɓace, Harak ya sauke ajiyar zuciya ya daina kallo. Ashe wutar ba mutuwa ta yi ba, shigewa ta yi ƙarƙashin tsinkayen tana tafiya a ɓoye. Rana na karkatawa iska ta taso daga kwari. Wutar ta tsallake sharar tsohuwa, ta samu itatuwan da aka tsattsaga don tatsar ƙaro, kowanne da ɗan gwangwaninsa cike a rataye. Ƙaron chir kuwa ƙanin kananzir ne. Da Harak ya sake ɗaga kai, hayaƙin ya zama baƙi, ya rufe rabin sama. Sai a sannan ya fizgo oba-oba, har ƙusar ta fita daga bango.

Mutanen Pande Sahab suka dawo daga hayin kogi a gajiye don su hau wannan sabuwar gobarar, tun safe ba wanda ya zauna. Harak ya bi su yana cusa musu ƙunshin abinci a hannu. Kundan ya karɓi nasa ya shinshina.

"Manjo, abokan gaba sun zagayo ta bayan gidanku, kana nan zaune?"

Harak ya miƙa wa na bayansa ƙunshi.

"Kai, yau ba zagi? To, ajiye mini ƙanzon shinkafa, ina zuwa."

A dajin chir wuta ba sama kaɗai take yi ba. 'Ya'yan itacen, manya kamar dunƙulen hannu, in sun kama sai su gangaro suna ci, su kunna ƙasa da inda mutum yake tsaye. Haka aka yi wa Kundan da wasu mutum biyu. Wuta a gaba, wuta a baya. Biyun suka yi gefe, suka tsira da ƙunar hannu. Kundan ya taka tsinkayen nan masu santsi da takalminsa na roba, ya zame, ya faɗa wani kwazazzabo inda busasshen ganye ya daɗe yana taruwa.

A bargo aka sauko da shi, rana ba ta faɗi ba tukuna. Aka kwantar da shi a rumfar Harak kafin a juyo da mota. Harak ya ɗauko wuƙa da dankali kamar yadda ya saba, ya tsaya, bai ga inda zai fara mannawa ba. Ya ajiye, ya jiƙa tsumma yana ɗiga masa ruwa a leɓe.

"Daju," in ji Kundan, da murya kamar ta tsoho.

"Ina nan."

"Yau dai... na fi dankalinka dahuwa."

"Yi shiru, ɗan banza. Yi shiru."

Bai kai asibiti ba. A hanya ya cika. Washegari aka kai shi bakin kogi, aka jera itace aka ƙona gawarsa bisa al'adarmu, aka ƙarasa abin da dutse ya fara. Toka na ta sauka daga sama a kan masu makoki, ba a san ta dutse ce ko tasa ba. Harak ya tsaya daga baya, ya koma kafin a watse, don ya bar tukunya a wuta.

Gobarar ta ci kwana da kwanaki. Aka turo mutane daga wasu sansanoni, da 'yan sa-kai, da manya masu farar mota waɗanda aikinsu shan shayi da nuna dutse da yatsa. Harak ya yi ta girki. Bai hau gida ba, bai aika ba. Ya gaya wa kansa aiki ne ya riƙe shi.

Tunda rai ya salwanta, daga sama aka ce dole a kawo suna. Pande Sahab ya bi ƙauye gida-gida. Ba wanda ya ga komai. Matan da ke yankan ciyawa kafaɗa da kafaɗa da Bachuli, duk ran nan ciwon ido suke yi. Sai wani ya tuna da 'yan Nepal masu tatsar ƙaro, da ke zaune a tantin leda cikin daji. Ba 'yan gari ba ne, ba su da kowa. Aka je aka laluba aljihun wani mai suna Padam, aka samu ashana da ƙullin taba. Ko aljihun Pande Sahab aka laluba, abin da za a samu ke nan. Aka kawo Padam aka kulle a sito, cikin manjagara da jarkoki, kafin a janye itatuwan da suka faɗi a hanya motar 'yan sanda ta samu wucewa. Makullin sito kuwa a wuyan kuku yake.

Harak ya kai masa abinci. Ya cika kwanon har yana zuba, ya ƙara man shanu daga gwangwanin da ake ajiye wa manya. Padam ya ci a tsugune. Ƙaramin mutum ne, yatsunsa baƙi da ƙaro, kunnensa ɗaya ya kumbura daga marin da ya sha a hanya.

Washegari da rana tsaka, kowa na kan dutse, Harak ya ƙulla gurasa da mazarƙwaila a tsumma, ya buɗe sito, ya bar ƙofar a wangale.

"Tashi. Bi ta bayan rumfa ka gangara rafi. In ka dage, jibi kana ƙasarku."

Padam ya dubi ƙofar, ya dubi ƙullin. Bai tashi ba.

"Ba ka ji ba ne? Ko marin ya toshe ɗaya kunnen ma?"

"Na ji, Daju. In na gudu, ni na yi ke nan."

"In ka zauna ma kai ka yi. Ka ga wani a nan da zai tsaya maka?"

"Matata na tanti da yara. In ba su same ni ba, wa kake jin za su je su ɗauko? Kuma a ce Padam ya ƙone mutum ya gudu, har garinmu maganar za ta je." Ya ture ƙullin da yatsa. "Ni a dajin nan nake kwana da 'ya'yana. Mahaukaci ne ni da zan sa masa wuta?"

"Na sani."

"Ka sani?" Padam ya ɗago ya kalle shi, kallo mai tsawo. "Ashe. Shi ya sa man shanu."

Harak ya tsaya da makulli a hannu kamar an dasa shi.

"Rufe ƙofar, Daju. Kada su dawo su haɗa da kai."

Ya rufe.

Da yamma Pande Sahab ya sauko, ya zube a kujera, ya tuɓe takalma. Harak ya kawo masa shayi, ya tsaya a kansa.

"Sahab, ni na sa wutar."

Pande ko ɗagowa bai yi ba. "Da wane hannun? Daga nan ka amsa mini oba-oba, ina jin ƙarar tukunyarka."

"To, Sahab, ba mutumin nan ba ne. Ni na ga hayaƙin tun da hantsi. Na ga inda ya..."

"Harak." Ya ajiye kofin. "Na daɗe a dajin nan, na san gangaren kowa. Abin da kake shirin faɗa, in ya fita daga bakinka sai na rubuta, in na rubuta ba ya goguwa. Tsohuwa ce. Kuma in na taɓa tsohuwa guda a ƙauyen nan, baɗi ko bokitin ruwa ba mai miƙo mini. Shi wancan, daɗewar me zai yi? Ya fito ya koma ƙasarsu. Je ka duba miyarka, tana ƙauri."

Miyar kuwa da gaske ƙauri take yi.

Da gari ya waye aka ce an share hanya, 'yan sanda na tafe kafin rana ta take. Harak ya sallami masu hawa, ya bar tukwane ba wanki, abin da bai taɓa yi ba, ya kama hanyar ƙauye. Ƙasa baƙa ce ta ko'ina, kututture na ta hayaƙi, ba kukan tsuntsu ko ɗaya. Yana hawa yana fatan abu guda: ya tarar ba ta sani ba. Ta ɗauka tata wutar ta mutu, babbar daga wani wuri ta zo. In haka ne, zai sha ruwa ya juyo, ya riƙe abin a cikinsa har ranar da shi ma za a kai shi bakin kogi.

Ya same ta zaune a dakalin ƙofa, sanye da zanen da take zuwa biki da shi, takalmanta a gefe. Murhu sanyi ƙalau. Bhuri na ta kuka a turke, hantsarta ta cika.

"Ija, ba ki tatse ta ba?"

"Yau hannuna ba ƙarfi. Sun zo?"

"Su wa?"

"Kada ka mai da ni yarinya, Harku. Kullum sai na ɗaura zanen nan na zauna ina jira."

Ya durƙusa a gabanta. Ta rame har awarwaron hannunta na hawa gwiwar hannu.

"Na share, Harku. Na share gefe da gefe kamar kullum. Na tsaya har ta kwanta, na tattaka da ƙafata. Sannan na tafi ba Bhuri ruwa." Ta dubi tafin hannunta. "Kundan, yaron nan a cinyata ya yi haƙori."

"Me ya hana ki saukowa?"

"Kai me ya hana ka hawowa? Na ce a raina, sansaninsu gangarena yake kallo, ya gani. Tunda ya yi shiru, in na yi magana na tona shi ke nan, su kore shi ko su ɗaure shi. Sai na ja bakina."

"Ni kuma don ke na yi shiru."

"To, ka gani. Wawaye biyu a gida ɗaya."

Sai ya gaya mata zancen Padam: siton, da kunnen, da ƙofar da ya buɗe mutumin ya ƙi fita. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"Yana da 'ya'ya?"

"Ƙanana."

"Miƙo mini sandata. A'a, tsaya. Tatse ta tukuna, kada nonon ya yi mata ciwo."

Ya tatse. Hannunsa bai iya ba, Bhuri ta yi ta harbi, tsohuwar na daga dakali tana cewa, "A hankali, jaki, ba fulawa kake kwaɓawa ba."

Suka ratsa ƙauye, ita a gaba, shi a baya. Mata suka yi ta leƙowa suna komawa. Wata sa'arta ta tare ta a hanya ta ce, "Bachuli, kin haukace? An riga an samu mai laifi. Ki koma gida, kada ki ja mana." Tsohuwar ta ratse ta wuce. A ƙofar gidan su Kundan ta tsaya. Hema na zaune a ƙasa, ciki ya tsufa, ba ɗankunne ba awarwaro, kamar yadda mai takaba ke yi.

"Hema, 'yata. Ba ɗan Nepal ba ne. Ni ce."

Hema ta dube ta, ta dubi Harak. Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Harak ya fi son a ce ta zaga.

Pande Sahab na ganinsu ya dafe kai, ya kira ta da sunan da muke girmama tsohuwa da shi. "Ama, me ya fito da ke cikin ranar nan? Harak, mai da ita gida."

"Ni na ƙyasta ashanar," in ji ta.

"Ama, tsufa ne, kin ruɗe."

"Tsufa dai na tsufa. Ruɗewa kuwa kai ka ruɗe, ɗana, da ka kulle ɗan mutane cikin jarkoki."

Ta je ƙofar sito ta zauna, ta ɗora sandarta a cinya. Aka yi rarrashi, aka yi tsawa, aka kawo shayi, ba ta motsa ba. Da motar 'yan sanda ta tsaya, ta maimaita maganarta a gabansu, da ƙarfi, yadda har direba ya ji. Daga nan ba sauran dabara. Harak ya buɗe sito. Padam ya fito yana ƙifta ido, ya sunkuya ya taɓa ƙafar tsohuwar don girmamawa, ya kama hanyar daji bai waiwaya ba.

Ɗan sandan da ya ɗaga ta zuwa cikin mota ya sa tafinsa a saman kanta don kada ta bugu da ƙarfe. Harak ya kama ƙofar zai shiga.

"Ina za ka?" in ji ta. "Mutane na kan dutse, da yunwa za su sauko. Kuma wa zai ba Bhuri ruwa?"

Ya saki ƙofar. Motar ta sha kwana. Ya koma rumfa ya wanke tukwane, ya ɗora shinkafa. Ya gaya wa Pande Sahab nasa laifin, na hayaƙin da ya gani ya ce ba komai. Pande ya ce bai ji ba, kunnensa ya cika da toka, kuma kukun da zai ciyar da wannan taro ba a tsintarsa a hanya.

Sai da damina ta sauka aka ba da belinta, saboda shekarunta. Ta dawo ba ta sake hawa gangare ba, ba ta sake riƙe lauje ba. Harak ya gwada yankan ciyawa, ya kasa, aka sayar da Bhuri ga wani mutumin kwari. Ranar da aka ja ta, tsohuwar ta juya fuskarta bango. Ana ta ɗaga shari'ar daga wannan wata zuwa wancan, har sanyi ya shigo ya ɗauke ta kafin alƙali ya samu sarari. Hema ta koma gidan iyayenta a wani ƙauye, an ce namiji ta haifa. Harak bai taɓa ganinsa ba.

Ƙauye kuma bai yafe ba. Ba wutar suka riƙe ba, maganar suka riƙe. Tun daga shekarar ma'aikatan daji suka sa ido, sintiri safe da yamma, mata na kallon gangarensu ya cika da tsinke, dabbobi na ramewa. Wasu sun sayar sun koma birni.

Harak na nan a sansani har yanzu, gashi ya yi fari, tarin ya ƙaru. Ba mai ce masa Manjo. Yanzu kowane hayaƙi ya gani sai ya kira, ko na waye. Ya kira a kan maƙwabci, ya kira a kan masu gasa masara, ya taɓa tayar da mota guda a kan wani tsoho da ke ƙona tsumma. In ya hau ƙauye sayen gishiri, hira na mutuwa har sai ya wuce. Bana a kan matar kawunsa ya kira, aka je aka same ta da tsintsiya a hannu. Da aka sauko da ita sansani, ta tsaya a bakin rumfarsa ta tofa yawu a ƙasa.

"Uwarka ba ta ishe ka ba, Harku?"

Harak ya ɗauko kofi. Ya zuba mata shayi, ya sa mazarƙwaila a gefe yadda ya san tana so, ya ajiye a kan benci kusa da ita. Har aka tafi da ita ba ta taɓa kofin ba.